Yadda ake zaɓen kala in za a haɗa fosta ko katin gayyata a Kumasi

Yaran da ke koyon dizain yanzu a Zongo, daga Aboabo har Sawaba da Asawase, yawanci a waya suka fara, PixelLab ko Canva, wasu kuma Allah ya hore musu kwamfuta suna taɓa CorelDraw da Photoshop. Hannu kam akwai shi masha Allah, amma in ka tsaya ka kalli bangon da ake manna fosta a bakin titi za ka gane inda gizo ke saƙa, wato wajen kala. Mutum zai ɗauki kala don kawai ta burge shi a sikirin, ya manta cewa a garin nan kala tana isar da saƙo tun kafin a karanta harafi ɗaya, kuma ba mu kaɗai ke kallon bangon ba, Asantawa ma suna wucewa ta wurin, abin da suke gani a ja da baƙi kuwa daban yake da abin da mu muke gani. To ga yadda ake bi tun daga shigowar kwastoma har a ciro aiki daga inji.

Mataki na farko ba a kwamfuta ake yinsa ba, da baki ake yi. Kafin ka buɗe komai ka zauna da mai aikin ka tambaye shi abu uku: wane taro ne, su wa ake so su gani, sannan a ina za a sa. Aure ne ko suna, mauludi ne, walimar sauka ce, addu'ar arba'in ce, ko allon shago. Katin da za a miƙa hannu da hannu cikin dangi ba ɗaya yake da banna da za a rataya a kan titin da tirotiro, wato motocin haya, ke bi ba, shi ma ba ɗaya yake da hoton da iyakarsa sitatus na WhatsApp ba. In Hajiya ce ta zo da aikin auren 'yarta kar ka bari ta tafi ba ka ce "Hajiya, an fitar da yayi ne?" ba, domin in an riga an fitar da zanen da za a saka ranar, to an gama zaɓa maka rabin kalolinka, sai dai ka bi.

Na biyu shi ne wanda na fi so a tsaya a kai sosai, ka san abin da kowace kala ke faɗa a nan inda muke zaune.

Ja da baƙi in suka haɗu, a ƙasar Asante makoki ne, babu wani kwana-kwana. Duk wanda ya taɓa fita ranar Asabar a Kumasi ya gani da idonsa, rumfuna ja da baƙi, dangin mamaci na kusa da jan zane da suke kira kobene, sauran jama'a da baƙi ko mai duhu irin kuntunkuni. Fostocin mutuwa ma haka ake yinsu, baƙin bango, jan rubutu, hoton mutum a tsakiya. To kai ka ɗauko hoton ango shi kaɗai ka sa a tsakiyar baƙin bango ka rubuta sunansa da ja wai don ya fito da kyau, ka manna a Adum ko Kejetia, wallahi akwai wanda zai wuce yana cewa Allah sarki yaro ƙarami. A cikin Zongo wataƙila a gane aure ne saboda an san gidan, amma abokan aikinsa da maƙwabtansa Asantawa fa? Ja ita kaɗai ma a Gana tana da nauyi, in ka ga ma'aikata ko 'yan makaranta sun ɗaura jan ƙyalle a kai da hannu ka san rai ya ɓaci za a fita zanga-zanga. Ban ce a daina amfani da ja ba, a'a, ja a kan fari ko a kan ruwan madara tana da kyau ƙwarai, haɗa ta da baƙi ne a kan aikin farin ciki nake cewa a kiyaye.

Fari kuma mun yi tarayya da Asantawa a wani wuri mun rabu a wani. Wurinsu fari na murna ne da nasara da godiya, mai jego tana saka fari, ranar fitar da jariri ana saka fari, wanda ya ci zaɓe ko shari'a ana watsa masa farar hoda. Amma kuma in tsoho ya rasu bayan ya sha miya sosai ya ga jikoki, fari ko fari da baƙi ake sakawa, don suna ɗaukar abin a matsayin godiya ba kuka ba. Saboda haka in Basante ya kawo maka aikin fostar rasuwa, tambayi shekarun mamacin kuma ka tambayi wane zane dangi suka yanke, kar ka yi gaban kanka. Mu kuma fari tufafin Juma'a ne da Idi da harami, kuma shi ne likkafani, akwai hadisin da ya yi umarni da saka fararen kaya da kuma yi wa mamata sutura da su. Shi ya sa sanarwar addu'a ta Musulmi ta fi dacewa da fari mai ɗan kore ko ruwan toka, a natse, babu ƙyalƙyali. Mu ba mu da al'adar saka ja da baƙi don mutuwa, in ka yi wa gidan Malam fosta irin ta ranar Asabar za a dawo maka da ita.

Kore kowa ya san na addini ne a idon mutanenmu. Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da kore a Suratul Kahfi da Suratul Insan, ga koriyar ƙubbar Masallacin Annabi a Madina wadda aka fara yi wa koren fenti a 1837, ga tutar Saudiyya. Shi ya sa fostar mauludi, ta tafsirin azumi, ta makaranta, ta masu kai alhazai, duk kore. Matsalar kenan ma, kowa kore, har ta kai in an jera fosta biyar a bangon masallaci ba ka bambance ta wane malami ce. Shawarata in dole sai kore, ka bar koren nan mai ihu irin na ganyen da ruwa ya daka, ka sauko zuwa mai duhu, ka haɗa shi da ruwan madara maimakon fari tas. Nan take aikin zai yi kama da na manya. Wurin Asantawa kore na shuka ne da yabanya da ƙaruwa, babu wani karo tsakaninmu a nan.

Ruwan gwal da rawaya a Kumasi na sarauta ne. Tutar Asante rawaya ce da baƙi da kore, kujerar gwal ita ce ran masarautar, in Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II ya fito a fadarsa ta Manhyia ranar bikin Akwasidae gwal ne tun daga yatsu har wuya, saƙar kente ta garin Bonwire ma da wuya ka ga babba wanda babu rawaya a ciki. To in ka jera rawaya da baƙi da kore a layi ka sani ka yi tutar Asante, in aikin na gaisuwa ne ga fada daga sarakunan Zongo ya yi daidai, in kuwa tallar shagon takalma ne ka sake tunani. Haka ja da rawaya da kore da baƙin tauraro, tutar ƙasa ce wadda Theodosia Okoh ta zana a 1957, a bar ta wa bikin samun 'yancin kai na 6 ga Maris da ranar wasan ƙungiyar ƙwallon ƙasa Black Stars.

Shuɗi shi ne wanda nake ganin mun yi sakaci da shi alhali namu ne tun kaka da kakanni. Rinin baba, marinar Ƙofar Mata a Kano, rawani da riga masu sheƙi da fatake suka riƙa kawowa ta hanyar Salaga suna komawa da goro, duk shuɗi mai duhu ne. Katin naɗin sarauta ko na taron dattawan unguwa in ka yi shi da shuɗi mai duhu irin na baba da ɗan gwal kaɗan, ya fi dacewa da mu a kan kwaikwayon kente da ake ta yi ba tare da an san me zanen ke nufi ba.

Kar kuma ka yarda da jadawalin ma'anar kaloli da ake yaɗawa a intanet kai tsaye, yawanci daga Turai da Amurka aka rubuto su. A Sin ja kalar amarya ce da sa'a, a Indiya fari na zaman makoki ne, kowa da gidansu. Kai bangon Kumasi kake yi wa aiki.

Mataki na uku, da ka tsayar da kalolin da kake so, ka tsaya ka tambayi kanka: akwai wanda ya riga ni mallakarsu? Siyasa ce kan gaba. Ja da fari da shuɗi jam'iyyar NPP ce ko ka zana giwa, alamarta, ko ba ka zana ba. Ja da fari da kore da baƙi jam'iyyar NDC ce ko babu lema, alamarta. Wannan ta biyun ita ta fi kama mutanenmu, sabida kore da fari na addini ne, sai a ƙara baƙin rubutu, sai a ɗan sa ja don kwanan wata ya fito, shikenan ka haɗa wa malami fostar jam'iyya bai sani ba. Tutar Falasɗinu ma waɗannan kaloli huɗun ne, in taron nuna goyon baya ne to ka sa tutar kanta a fili yadda kowa zai gane. Kuma ka san inda muke, yankin Ashanti gidan NPP ne amma mazaɓar Asawase ta daɗe a hannun NDC, mutane suna lura da irin wannan fiye da yadda kake zato, balle in shekarar zaɓe ce ana tunkarar 7 ga Disamba. Mai shagon da ke son kowa ya shigo ba zai gode maka ba in allonsa ya sa ana yi masa kallon ɗan wani ɓangare.

Bayan siyasa sai ƙwallo da kamfanoni. Ja da fari a Kumasi Kotoko ce, ja da rawaya da shuɗi kuwa Hearts of Oak, ka yi wa ɗan Kotoko na gaske allon shagon aski da kalar Hearts ka ga ikon Allah. Rawaya mai haske da baƙin rubutu a kan kiyos MTN ce, mutane za su yi ta tsayawa suna tambayar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, alhali mai wurin turare yake sayarwa. Ja zalla kuma ta Telecel ce tun da suka karɓi wurin Vodafone.

Na huɗu, yanzu ne za ka buɗe manhaja. Kala uku sun isa: babba wadda za ta ci kusan kashi 60 na fili, mai bi mata kashi 30, sai ta jan ido kashi 10. Ba doka ba ce daga sama, ma'auni ne da masu aikin suka saba da shi kuma yana hana hauka. Ta jan idon nan kamar miyar yaji ta shito ce a kan waakye, wato shinkafa da wake, kaɗan ake sawa a gefe, in ta rufe kwano an ɓata abinci. Ita za ka ba wa abu ɗaya da kake so a fara gani, kwanan wata ko sunan amarya da ango ko lambar waya, ba duka ba.

In akwai yayi, ka karɓi ƙyallen ka fita da shi waje cikin inuwa da rana ka ɗauki hoto, kar ka ɗauka a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki don zai canza maka kalar. Ka shigo da hoton, ka ɗauki abin tsotso kala mai kama da ɗan bututun maganin ido, yana nan a Canva da Photoshop da CorelDraw duka, ka taɓa wuri uku a zanen: mai duhu, mai haske, da wanda ya fi fitowa. Mai hasken ya zama bango, mai duhun ya zama rubutu. Kowace kala tana da lambarta mai harafi shida da ake kira HEX, ka rubuta su ka ajiye, don gobe Hajiya za ta dawo ta ce a yi mata sitika ta manna a robobin rabo da banna ta wurin zaman amarya, kuma so take duk su zo iri ɗaya. In babu yayi ga haɗin da za ka iya farawa da shi: na mauludi ko sauka, kore mai duhu 0B5D3B da ruwan madara F5EBD7 da gwal D4AF37. Na taron sarauta, ka musanya koren da shuɗi mai duhu 14213D. Na abinci ka nemi ɗumi, ruwan goro, rawaya, ja-ja irin na karan dafin da ake dafa waakye da shi, shuɗi ka bar wa masu ruwan leda da kyamis.

Na biyar, gwajin karantuwa. Ka kwafi aikin ka mayar da shi baƙi da fari gaba ɗaya. In rubutu ya nutse cikin bango to bambancin haske bai isa ba, ko da a kala yana yi maka kyau. Rawaya a kan fari, ja a kan kore, shuɗi a kan baƙi, gwal a kan ruwan hoda, waɗannan su ne masu laifin kullum. Ƙa'idar da masu shafukan intanet ke bi ita ce bambancin ya kai 4.5 da 1 ga ƙaramin rubutu, 3 da 1 ga babba, akwai shafuka kyauta da za ka zuba lambobin HEX biyu su faɗa maka. Ja a kan kore kuma tana da ƙarin matsala, akwai mutanen da idonsu ba ya raba su biyun da kyau, maza sun fi yawa a ciki. Sannan ka ƙanƙanta hoton ya koma kamar girman akwatin ashana a sikirin, in har kana iya karanta suna da rana a haka, na cikin tirotiro ma zai iya. Ka tuna da Baba da Mma waɗanda ido ya fara rauni, su ne fa za su fi zuwa taron.

Hoton mutum shi ma kala ne a cikin aikin. Fatarmu tana ƙara duhu in an buga a takarda, don haka ka ɗan ɗaga hasken fuska kaɗan, kaɗan na ce, ba ka mayar da amarya Balarabiya har danginta su kasa gane ta ba. Kar ka sa mai duhun fata a kan bango ruwan ƙasa ko jan da ya yi duhu, zai narke a ciki. Mai farar riga da farin rawani kuma kar ka ɗora shi a farin bango, kai kaɗai za a gani yana yawo.

Na shida, inji. Nan ne kuɗi ke ƙonewa. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin buga takarda da tawada huɗu yake aiki, CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ruwan hoda mai ƙarfi, Y rawaya, K baƙi, kowace ana auna ta daga 0 zuwa 100, kuma ba duk abin da haske ya iya tawada ke iyawa ba. Koren nan mai walƙiya da shuɗi mai ƙuna da ruwan hoda mai ihu duk za su dusashe. In aikin na bugawa ne ka fara shi a CMYK tun farko a CorelDraw ko Photoshop, in kuma a waya ka yi to ka sa a ranka zai sauko, ka gaya wa kwastoma tun kafin ya gani. Shuɗi yana son komawa shunayya, maganinsa ka bar M ƙasa da C da tazarar kamar 30, misali C100 M70. Ja mai kyau M100 Y100 ne. Baƙi iri biyu ne, in babban fili za ka cika ka yi C60 M40 Y40 K100 don ya yi baƙi ƙirin, amma ƙananan rubutu K100 kaɗai, in ka cusa musu tawada huɗu kuma injin ya ɗan goce sai ka ga inuwa a gefen haruffa. Farin rubutu siriri a kan bango mai duhu shi ma tawada tana cinye shi, ka ƙara masa kauri.

Gwal kuwa a faɗa wa Hajiya gaskiya, injin tawada huɗu ba ya buga gwal mai sheƙi, abin da zai fito rawaya ce mai ɗan duhu. In tana son mai ƙyalli irin na katunan da take gani, wannan aiki ne daban da ake manna takardar gwal da zafi, kuɗinsa ma daban.

Na bakwai, kar ka taɓa ba da umarnin buga ɗari biyar ko banna mai faɗin bango ba ka ga gwaji ba. Ka je Asafo inda masu buga takardu suka taru, in a Accra kake New Town, ka ce a ciro maka guda ɗaya tukuna, in banna ce a yanko wani yanki mai fuska da rubutu a buga a kan irin ledar da za a yi aikin da ita. Inji biyu a layi ɗaya ba sa ba da kala ɗaya, takarda mai sheƙi da marar sheƙi ma haka. Ka fito da gwajin waje ka duba a hasken rana. Fulaya da kati a 300 dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, babbar banna da ake kallo daga nesa 100 zuwa 150 ta wadatar. Abin da zai daɗe a waje kamar allon shago ka tuna rana ta fi saurin cin ja da rawaya, shi ya sa tsofaffin fostoci duk suke komawa shuɗi-shuɗi, to suna da lambar waya a yi su da baƙi ko shuɗi mai duhu. Farin bango kuma a bakin titi, tsakanin ƙurar hunturu da jar lakar damina, ba ya wata nawa ya koma ruwan ƙasa.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya lalata shi, ka tura wa mai inji PDF a matsayin fayil ba a matsayin hoto ba. Kwastoma kuma wayarsa daban da taka, wata Samsung tana ƙara wa kala ƙarfi, wata itel tana rage ta, wani ma ya kunna abin kare ido da ke sa sikirin ya yi rawaya bai sani ba, sai ya kira ka yana faɗa wai farin ya yi datti. Ka ce ya kashe shi ya ƙara haske ya sake dubawa.

Za ka haɗu da Alhajin da zai ce shi duk kalolin yake so, a sa ja a sa kore a sa rawaya a sa shuɗi tunda kuɗinsa ne. Kar ka yi musu da shi, ka yi guda biyu, nasa da naka, ka buga su ƙanana ka manna a bango ku ja da baya taku goma ku kalla tare, ka ce "Alhaji wanne ka fi iya karanta lambar wayarka a ciki?" In duk da haka ya ce nasa, ka yi masa nasa, amma ya rubuto maka a WhatsApp cewa ya gani ya amince kafin ka kai wa mai inji, kuma ka karɓi kuɗin takarda tukuna.